Kafin Ki Miƙa Hannu Ga Gurasar

'Yata, saƙonki ya same ni lafiya, na kuma gode da gaisuwa. Ki gaishe mini da mahaifiyarki, ki ce mata ƙarar da kika kawo a kanta ta iso.

Kin ce kun sami saɓani da wata 'yar'uwa a ƙungiyar mawaƙa, kin faɗa mata magana mai zafi a gaban mutane wajen koyon waƙa, ga shi kuma Lahadi mai zuwa akwai Jibin Ubangiji, inda ake cin gurasa a sha daga ƙoƙo tare don tunawa da mutuwar Almasihu. Mahaifiyarki ta ce kada ki kuskura ki miƙa hannu ga gurasar sai kin taka har gidansu kin nemi gafara. Ke kuwa kin ce ai kin riga kin tura mata saƙo ta WhatsApp, har da ɗan hoton hannuwa biyu a haɗe, alama ta nuna ta buɗe ta karanta, amsa ce dai ba ta ba ki ba. Shi ne kike tambayata ko wannan bai isa ba, da kuma ko zuwa gidan nan umarnin Littafi ne ko al'adar tsofaffi ce kawai.

Da na zo wurin hoton hannuwan nan sai da na yi dariya, har matar kawunki ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Amma da na ajiye wayar sai jikina ya yi sanyi. Saƙonki dogo ne, kin ba ni labarin yadda faɗan ya fara, da wanda ya ce me, da lokacin da kika tura naki, da lokacin da ta buɗe. Abu ɗaya ne ban gani a ciki ba: halin da yarinyar take ciki. Ko tana zuwa koyon waƙa har yanzu, ko ta daina, ko tana iya ɗaga ido a cikin mutanen da kika kunyata ta a gabansu, ba ki ce ba. Ina jin ba ki sani ba ne. Wannan ya fi damuna fiye da zancen ci ko rashin ci.

Lokacin da muke yara ba kowace Lahadi ake Jibin Ubangiji a ikkilisiyarmu ba. Sai a yi watanni. Idan lokacin ya matso, fasto yakan sanar tun saura mako guda, kuma ba ya ƙara komai a kan sanarwar sai ya ce, "Kowa ya duba hanyarsa." Mu yara mun san wannan makon, domin makon tafiye-tafiye ne. Da yamma sai ki ga mace ta fito ta nufi gidan da ta daɗe ba ta shiga ba. Kayan aro da aka riƙe har mai shi ya gaji da tambaya, a makon nan yake komawa. Mai bashi yakan je, ko ba shi da abin biya, ya nuna fuskarsa ya ce bai manta ba. Dattawan ikkilisiya suna zagayawa biyu biyu, ba su cika yin dogon bayani ba, su gaisa, su yi addu'a, in za su tashi su ce, "Akwai wanda ya kamata mu raka ka wurinsa?" Kakarki takan ce zumunci a ƙafa yake, kuma wai Jibin Ubangiji tun ranar Litinin ake fara shi, ranar Lahadi ƙarasawa kawai ake yi.

Akwai wata Asabar da ban taɓa ba ki labarinta ba. Mahaifiyarki tana goye a lokacin, abin da ta sani a kai daga bakina ta ji.

A shekarar ana tara kuɗin rufin majami'a. Kakanki yana cikin dattawa, mutum ne mai kaifin lissafi da kaifin harshe, ya kuma san da haka. Ma'ajin ikkilisiya kuwa mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya, yana rubuta komai a wani ɗan littafi da yake naɗewa a tsumma. Ranar da aka karanta lissafi a gaban dukan ikkilisiya, abin da aka ce yana hannu bai kai abin da kakanki ya lissafa a kansa ba. Maimakon ya jira a tashi ya same shi su biyu, sai ya miƙe ya ce, "To, sauran kuɗin ƙafa suka yi?" Wasu suka yi dariya. Ma'aji bai ce uffan ba. Washegari ya kai wa fasto littafin da akwatin, ya bar bencin dattawa ya koma can baya kusa da ƙofa.

Ba a daɗe ba gaskiya ta fito. Kakanki ya haɗa alkawuran da mutane suka yi da baki ne a cikin lissafinsa, alhali da yawa ba su kawo ba tukuna. Littafin ma'aji daidai yake har ƙwandala ta ƙarshe. Dattawa sun sani, fasto ya sani, kakanki ma ya sani. Amma magana zarar bunu ce, kuma babu wanda ya tsaya a gaban jama'a ya janye ta. Kowa ya ɗauka abin zai mutu da kansa. Suka daina gaisawa, in wannan ya bi ta wannan ƙofa wancan ya bi ta waccan. Mu ma yara, ba wanda ya hana mu da baki, amma muka daina wasa da yaran gidansu.

Sai ga sanarwar Jibi. Kakarki ce take wanke ƙoƙunan, ta kuma wanke farin ƙyallen da ake rufe teburin da shi ta goge. Ranar Asabar da dare tana zaune tana share su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa, kakanki yana gefe yana duba wurin da zai karanta gobe, domin shi ne zai ɗauki farantin gurasa. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ƙoƙunan dai na wanke su ciki da waje. Hannun da zai ɗauke su gobe ne ban san wanda zai wanke ba."

Kakanki ya gane. Ya ce shi Allah ya sani ba ya riƙe da kowa a zuciyarsa. Kakarki ba ta iya karatu ba, amma abin da ta ji an karanta sau ɗaya ya zauna. Ta ce, "Ba haka wurin ya ce ba. Bai ce in kana riƙe da ɗan'uwanka ba. Cewa ya yi in ka tuna ɗan'uwanka yana riƙe da kai. Buɗe ka gani." Ya buɗe tsohon Littafinsa, juyin nan na 1932 wanda bangonsa ya riga ya rabu da jikinsa, ya nemo Matiyu sura 5, aya 23 da 24. Ayoyi biyu ne kawai, amma ya daɗe a kansu kamar mai karanta sura guda. Sannan ya rufe, ya ɗauki hularsa, ya kira sunana ya ce in ɗauko fitila.

Idonsa ba ya gani sosai da dare, na ɗauka shi ya sa ya tafi da ni. Sai da na girma na fara tunanin ko so yake in gani.

Ba mu yi magana a hanya ba. Da muka isa ya yi sallama, shiru. Ya sake yi. Matar gidan ta fito, da ta ga ko wane ne sai ta rasa inda za ta sa idonta, ta ce mai gidan ya kwanta. Kakanki ya ce ba komai, zai jira ya tashi. Ta koma ta kawo kujera, ya ce ta bar shi a tsaye. Haka muka tsaya a ƙofar gidan, sauro yana cin ƙafafuna, hannuna ya gaji ina sauya fitilar daga dama zuwa hagu, ina ta addu'a a raina kada mutumin ya fito mu koma gida. Muna jin ƙusƙus daga ciki, muryar mace tana roƙo, ta namiji tana ƙi.

Can sai ya fito, ya yafa mayafi, ya tsaya nesa kaɗan, bai gaishe mu ba. Sai na ga kakanki ya cire hula, ya sa gwiwoyinsa biyu a ƙasa. 'Yata, ke kin san shi da tsufa, lokacin da ya yi laushi yana ɗaukarki a cinya. Ba ki san shi a shekarun nan ba. Mutumin da in ya yi gyaran murya a waje duk gida yake yin tsit, shi ne a durƙushe a ƙofar wani. Fitilar ta fara rawa a hannuna, na kawar da kai, ya ce mini a hankali, "Haska nan."

Bai ce "in na yi maka laifi" ba. Bai ce "a yi haƙuri da abin da ya faru" ba. Ya kira laifin da sunansa. Ya ce, "Na mai da kai ɓarawo a gaban jama'ar Allah. Ban furta kalmar ba, amma kowa ya ji ta. Lissafinka daidai ne, nawa ne ba daidai ba. Na kuma daɗe da sanin haka, girman kai ya hana ni zuwa. Ka gafarta mini saboda Almasihu."

Mutumin ya yi shiru har na ɗauka juyawa zai yi ya shige. Sai ya ce, "Ka san ɗana ya daina zuwa makarantar Lahadi? Yara suna kiransa ɗan mai cin kuɗin Allah." Kakanki bai sani ba. Ni na sani, domin ina wurin aka faɗa, amma shi bai sani ba. Daga nan mutumin ya buɗe baki, shi da ba ya magana. Ya faɗi yadda matarsa ta daina zama a cikin zumuntar mata saboda in ta shigo hira takan tsaya. Ya faɗi yadda ya yi shekaru yana tashi da dare ya sake ƙirga kuɗin baiko don tsoron kada ya yi kuskure da abin Ubangiji. Ya faɗi yadda ya jira, Lahadi bayan Lahadi, ko wani daga cikin dattawa zai miƙe ya wanke shi, ba wanda ya miƙe. Muryarsa tana tashi tana sauka, wani wurin ma ya faɗi abin da ya wuce gona da iri. Kakanki yana durƙushe bai katse shi ba, bai ce "amma" ko sau ɗaya ba.

Da ya gama sai ya ce, "A gaban jama'a ka faɗa da rana. Ga shi ka zo da dare." Ya ɗan tsaya, ya ce, "Tashi, na ji. Sai da safe." Ya shige. Bai ce ya yafe ba.

A hanyar dawowa ina ta jin haushi a madadin mahaifina. Shi kuwa kalma uku kawai ya faɗa har muka isa gida, "Ya yi gaskiya."

Da safe bayan wa'azi, kafin a buɗe teburin, kakanki ya nemi izinin fasto ya miƙe a daidai wurin da ya tsaya ranar lissafi. Ya maimaita abin da ya faɗa da dare, bai rage ba, ya ƙara da cewa duk yaron da ya kira ɗan ma'aji da sunan banza daga bakinsa shi ya koya, don haka laifin a kansa yake. Ya ce yau ba zai ɗauki faranti ba, wani ya ɗauka. Ya sauka daga bencin dattawa ya zauna a cikin jama'a. Majami'ar ta yi tsit, wata tsohuwa a gefen mata tana kuka a hankali. Fasto bai yi sharhi ba, ya buɗe 1 Korantiyawa 11 ya karanta kamar kullum. Da farantin ya zo gaban kakanki ya yi jinkiri, fasto ya gyaɗa masa kai, ya ɗauka. Da ya kai can baya kusa da ƙofa, ma'aji ya miƙa wa na kusa da shi bai ɗauka ba. Daga baya ya gaya wa fasto cewa zuciyarsa da sauran zafi a ranar, ba zai yi wa Ubangiji ƙarya a teburinsa ba.

Sai a Jibi na gaba aka gan su tare, ɗaya da gurasa ɗaya da ƙoƙo, wannan yana bin bayan wancan. Littafin lissafi ya koma hannun mai shi, ya riƙe har idonsa ya gaza. Ba zan ce miki sun koma aminai kamar da ba, ba su koma ba. Akwai abin da in ya tsage, ko an ɗinke ana ganin zaren. Amma sun yi shekaru suna hidima a teburi ɗaya, kuma ɗan nan nasa ya dawo makarantar Lahadi.

Abin da nake so ki duba shi ne maganar yaron nan. Da kakanki takarda ya rubuta ya ba ni in kai, da ya nemi gafarar abin da ya sani kawai, wato kuskuren lissafi da baƙar magana. Rabin ɓarnar da ya yi bai san da ita ba sai da ya tsaya a ƙofar. Mai laifi ba ya sanin girman laifinsa, wanda aka yi wa ne yake ɗauke da ma'aunin. Shi ya sa kakanki daga baya, in matasa sun zo masa da irin tambayarki, yakan ce, "Neman gafara kashi ɗaya ne na baki, kashi tara na kunne." Saƙonki ya yi aikin baki. Kunnen fa?

Kin tambaya ko a Littafi yake. Kalmar da Yesu ya faɗa a wurin nan na Matiyu 5 ita ce ka bar baikonka a gaban bagade, ka tafi. Ki tuna a Galili yake wannan koyarwa, bagaden kuwa yana Urushalima, tafiyar wajen kwana 3 a ƙafa ga wanda ya ratsa ta Samariya. Mutanen da suke saurarensa sun san abin da yake nufi: ka kawo dabbarka har gaban firist, ka tuna da maƙwabcinka na can gida, ka ajiye, ka koma. Ba ƙaramin abu ya nema ba. A Matiyu 18:15 kuma, inda kai aka yi wa laifin, nan ma cewa ya yi ka je ka same shi ku biyu. Kakarki takan yi mamakin wannan, ta ce ko kai ka yi laifi ko kai aka yi wa, Ubangiji bai bar wa kowa kujerar zama ya jira ba.

Ba na ce rubutu haram ne ba, kada ki je ki ce kawu ya hana waya. Sabon Alkawari cike yake da wasiƙu. Yakubu ma da zai koma wurin Isuwa bayan shekara 20, sai da ya tura manzanni a gaba, da ya ji ɗan'uwansa yana tafe da mutum 400 ya ƙara tura garke bayan garke, dabbobi fiye da 500. Duk wannan saƙo ne. Amma da gari ya waye shi da kansa ya wuce gaban iyalinsa, yana ɗingishi, ya sunkuya har ƙasa sau bakwai kafin ya kai wurinsa. Ki karanta Farawa 32 da 33, ki ga abin da ya ce game da ganin fuskar ɗan'uwansa. Bulus ya rubuta wa Filimon wasiƙa mai taushi don ya karɓi Onisimas, bawansa da ya gudu, amma bai aika takardar ya ɓoye mai laifin a wurinsa ba, ya mai da shi ne ya je ya tsaya a gaban wanda ya gudu ya bari. Yahaya kuwa, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu da ta uku, ya ce yana da abubuwa da yawa amma ba ya so ya sa su a takarda da tawada, ya fi so ya zo su yi magana ido da ido. Manzo ne fa, wanda rubutunsa muke karantawa har yau, shi ma ya san inda tawada take tsayawa. Saƙonki na WhatsApp manzannin Yakubu ne. Sun je, sun dawo ba su kawo amsa mai daɗi ba. Yakubu bai ce to shi ke nan na yi nawa ba.

Kuma ba tsofaffinmu ne suka ƙago haɗa wannan da teburin Ubangiji ba. Akwai wani ɗan littafin koyarwa na ikkilisiyar farko da ake kira Didake, wanda aka rubuta kusa da zamanin manzanni. A sura ta 14 ya ce duk mai jayayya da ɗan'uwansa kada ya shiga taron karya gurasa sai sun shirya. Jastin, wanda aka kashe saboda bangaskiya a Roma, ya bayyana sujadarsu ta wajen shekara ta 155, ya ce bayan addu'o'i sukan gai da juna da sumba, sannan a kawo gurasa da ƙoƙo. Ki yi tunanin yadda za ki yi wannan gaisuwa da wadda ba kya iya duban idonta. A birnin Janeba, bayan tsarin da Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikkilisiya, ya kafa a 1541, sau huɗu a shekara ake Jibi, majalisar fastoci da dattawa tana zama kowace Alhamis, kuma in Jibi ya matso aikinsu yakan yi yawa wajen kiran ma'aurata da maƙwabta masu gaba a shirya su. Hanyar kowane zamani daban, amma damuwar ɗaya ce, ita ce wadda Bulus ya faɗa a 1 Korantiyawa 10:17, cewa gurasar ɗaya ce, mu ma da muke ci jiki ɗaya ne.

Abin da yake ba ni baƙin ciki a yanzu, 'yata, ba ku kaɗai ba ne matasa, har da masu furfura. An sami hanyoyi da yawa na guje wa fuskar mutum. In an ɓata, sai a toshe lambarsa. Sai a ɗauko aya daga Zabura game da maƙiya a manna a Facebook, kowa ya san da wa ake, ana habaici da maganar Allah. In majami'a babba ce, wannan ya zauna gabas wancan yamma, su ci gurasa ɗaya su fita ta ƙofa dabam dabam, shekara ta zagayo ba wanda ya lura. In abin ya yi zafi sai a ɗauki Littafi a koma wata ikkilisiya, can ma a karɓe shi da tafi ba a tambaye shi abin da ya baro ba. Dattawa kuma mun rage zagayawa, muna jin nauyin shiga maganar mutane, mun bar wa fasto shi kaɗai. A Filibi mata biyu ne suka saɓa, Afodiya da Sintiki, ma'aikata ne na gaske waɗanda suka yi fama tare da Bulus a aikin bishara. Ya kira sunayensu a wasiƙar da za a karanta wa kowa, ya roƙi kowacce, ya kuma ce wa wani abokin aikinsa ya taimake su. Bai ɗauki faɗan mata biyu ƙaramin abu ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, wannan ba abin mamaki ba ne a gidan Allah. Abin tsoro shi ne a saba da zama a haka.

Sai dai kada ki faɗa ɗaya ramin. Na san mutanen da suka mai da wannan koyarwa mafaka, suka yi shekaru farantin yana wuce su, in an tambaya su ce ai ba su shirya da wane ba. Sun zaɓi gabarsu sun bar teburin, suna kuma ganin tsoron Allah ne. Bulus ya ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Gwajin don a ci ne, ba don a gudu ba. Teburin nan ba na marasa zunubi ba ne, da ba wanda zai kusance shi. A daren da aka kafa shi ma almajiran suna gardamar wane ne babba a cikinsu, Luka 22 ya faɗa. Kuma sulhu ba a hannun mutum ɗaya yake ba, shi ya sa Romawa 12:18 ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake wajenku. Kakanki ya ci a ranar nan ko da yake ba a ce masa an yafe ba, domin ya kai iyakar abin da yake wajensa. Tambayar da zan bar miki ita ce ko ke kin kai naki iyakar.

Akwai kuma inda ba na tura yaro shi kaɗai, wurin mutumin da yake cutarwa da hannu ko yake da iko a kansa. Wannan sai da dattawa. Naki ba irinsa ba ne, ƙawarki ce, muryarku ɗaya a waƙa.

In kin je, kada ki fara da zancen saƙon da ba ta amsa ba. Kada ki ɗauki jerin abin da ita ma ta yi miki, ko da akwai, wannan na wata rana ne. Ki faɗi abin da kika faɗa mata da ainihin kalmominsa, ki ce ba daidai ba ne, sannan ki yi shiru ki bar ta ta yi magana har ta gaji. Za ki ji abin da ba ki zata ba, wani zai yi zafi, wani ma ba gaskiya ba ne, ki haɗiye. Kada ki matsa mata ta ce ta yafe don kawai Lahadi ta matso, gafara ba a karɓarta da agogo a hannu. Tunda kuma a gaban 'yan ƙungiya kika faɗa, ki shirya ranki, wataƙila sai kin koma gabansu. Na san wannan ne zai fi yi miki wuya. Kakarki takan ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi tsawonka yana nan.

Zancen ko ki ci ko kada ki ci ranar Lahadi, ban ga zuciyarki ba, ban kuma ji ta bakin yarinyar ba, don haka ba zan yanke miki daga nan ba. Ki sami fastonku ko matarsa ki gaya musu yadda kika gaya mini, har da abin da kika faɗa wajen koyon waƙa, ba a taƙaice ba. Akwai sauran kwanaki kafin Lahadi. In kina jin nauyin tafiya ke kaɗai, ki ce wa mahaifiyarki ta raka ki ta tsaya daga waje, ba za ta ƙi ba. Ki rubuto mini yadda kuka yi, ki kuma gaya mini ko yarinyar ta koma koyon waƙa.

Ubangiji ya ba ki ƙarfin zuciya. Kawunki ne.